Wata bakwai muna haɗa ƙorafi a kan yadin da ake jibge mana

Mako biyu bayan ƙaramar Sallar 2024, wani dillali da ya fi shekara goma yana ɗaukar alawayyo a masaƙarmu ta Sharaɗa ya shigo ofishina da bandir ɗaya a kafaɗa. Ya dire shi a kan tebur, ya ce in duba. Na warware kamar yadi biyu, na murza a tsakanin yatsu. Fari ne fat, ya sha sitati, faɗinsa ɗaya da namu. Da ya faɗa mini yadda ya saro shi a Kantin Kwari sai na jawo kalkuleta, na buga har sau biyu. Kuɗin da ya biya bai kai abin da muke kashewa a kan zare kaɗai ba, balle a yi maganar wuta da albashi.

"Manaja, wallahi ba ƙin naku nake yi ba," in ji shi. "Amma ka faɗa mini yadda zan yi da masu saye."

Na rasa abin ce masa.

Masaƙar ba tawa ba ce. Ni ke riƙe da littattafai, ni ke sayen zare. Injin saƙa ashirin da huɗu gare mu, duk kwancen wata babbar masaƙa ce da ta mutu maigidanmu ya saya, kuma a lokacin tara ne kawai ke juyawa. Mahaifina ya yi shekara ashirin da biyu a wata masaƙa a Bompai, da albashinta aka yi mana karatu. Shi ya sa duk ranar da ƙarar inji ta ragu a zauren saƙa, har cikin raina nake jin abin.

Na kira dattijon da ke gyara mana injina, wanda kowa ke ce wa Baba. Shi bai tsaya murzawa ba. Ya zaro zare ɗaya daga gefen bandir ɗin, ya ƙyasta ashana. Zaren ya ƙanƙance, ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙullutu mai tauri, yana warin leda. Ya zaro na namu ya kara masa wuta, ya cinye nan take, ya bar toka mai laushi da ta murje a yatsansa. Ya ce, "Ɗana, wannan ya fi rabi roba. Mu auduga muke saƙawa." A ranar na ɗauka mun sami hujja. Sai daga baya na gane tuntuɓen farko ke nan.

Mu goma sha huɗu muka taru a wani sito, masu ƙananan masaƙu da wakilansu daga Sharaɗa, Chalawa, Bompai da Dakata. Baki ya zo ɗaya: ana jibge mana kaya, gwamnati ta tsaya mana. Ɗaya daga cikin dattawan ya zo da 'yarsa lauya, wadda ta karanci dokar ciniki tsakanin ƙasashe. Ta bari kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, sannan ta ce, "Iyayena, ku yi mini haƙuri da abin da zan faɗa. A doka, arha ba laifi ba ce."

Sito ya yi tsit. Ta ce jibge kaya a dokance shi ne masana'anta ta sayar wa ƙasar waje kaya a ƙasa da yadda take sayar da shi a kasuwar garinsu. A ce yadi naira dubu ne a can a bakin masana'anta, sai ta sayar wa Bakano a ɗari takwas. Ɗari biyun nan ita ce tazarar, kuma ƙarin kuɗin fiton da za a ɗora ba zai haura ta ba. In kuwa a can ma ɗari takwas ake sayarwa kuma ana cin riba, to sun fi mu iya sarrafawa ne kawai, babu ƙarar da za ta tsaya. Najeriya na cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, tun ranar da aka kafa ta, 1 ga Janairun 1995, kuma yarjejeniyar ƙungiyar ta ce sai an tabbatar da abu uku: an karya farashi, masana'antun gida sun ji rauni na gaske, kuma karya farashin ne ya jawo raunin. Wani ya ce ai 'yar ƙasarmu ce ke shugabantar ƙungiyar, Ngozi Okonjo-Iweala, tun Maris ɗin 2021. Barista ta ce haka ne, amma wannan ba ya ɗauke mana sharaɗi ko ɗaya. In tazarar ba ta kai kashi 2 cikin ɗari ba, a rufe fayil. In kayan ƙasar da ake ƙara bai kai kashi 3 cikin ɗari na abin da ake shigowa da shi ba, nan ma yawanci a rufe.

Dokarmu ta gida kuwa, in ji ta, ta 1958 ce, Turawa ba su ma tafi ba aka yi ta, kuma ba ta shimfiɗa matakan bincike irin waɗanda yarjejeniyar WTO ta gindaya ba. An daɗe ana maganar sabunta ta. Shawararta ita ce mu haɗa takardunmu kamar sabuwar dokar ta riga ta fito, don kada ofishin da za mu je ya ce mun zo da rabin magana. Ta sauko mana da fom ɗin hukumar Afirka ta Kudu, ITAC, wadda ke wannan aiki tun 2003, don mu yi koyi da shi. Da aka buga shi a takarda, kaurinsa ya kai rajistar makaranta. Aka ɗora mini aikin cikewa saboda ni ne mai kwamfuta.

Tun shafukan farko aka tsaya. Ba a karɓar ƙorafi sai masu goyon bayansa suna sarrafa aƙalla kashi 25 cikin ɗari na duk irin wannan kaya da ake yi a ƙasar, kuma sun rinjayi masu adawa a cikin waɗanda suka faɗi ra'ayi. To kashi 25 na nawa? Sai ka san jimilla kafin ka san rubu'inta. Na yi sati shida ina zaga masaƙu a kan babur, da takarda mai layi uku: inji nawa gare ka, nawa ke aiki, yadi nawa ka saƙa bara. Mutanen da suka fi kowa ɗaga murya a sito, da na je ofishinsu sai a kawo mini ruwa da lemo, a yi hirar duniya, a ce in dawo jibi.

Wani Alhaji a Chalawa, sa'an mahaifina, shi ne ya fito mini a mutum. Ya ce, "Yaro, ba raina ka na yi ba. Yau in rubuta maka abin da nake saƙawa, gobe mai haraji ya shigo mini da takardar a hannunsa. Jibi kuma maigidanka ya san cikina, ga shi kasuwarmu ɗaya." Ban ga laifinsa ba. Mutum ne da masu karɓar kuɗi kala-kala ke yi wa sallama duk wata, na tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma, kowa da rasit ɗinsa. Mafitar da muka samu ita ce kowa ya kai alƙalumansa wajen Barista a rufaffiyar ambulan, ita kaɗai za ta gani, ni jimilla kawai za ta ba ni. Da haka mutum tara suka bayar. Shi Alhajin bai bayar ba.

Sai batun farashin can. Wannan ne ya kai ni shagon yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke Kwari kuma yake zuwa ƙasar Sin sau biyu a shekara. Na je bayan la'asar, lokacin da kasuwa ta ɗan lafa, yaransa na ɗaure diloli a bakin shago. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, na ce abin da nake nema shi ne takardar sayen kayansa, da kuma in zai iya, ya tambayar mini nawa masana'antar ke sayar wa 'yan ƙasarsu.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Wato wuƙar da za a yanka ni da ita ka zo in wasa maka."

Na ce, "Yaya, ba kai muke ƙara ba."

"Ni zan biya ai." Ya jawo durowa ya fito da wani fayil, ya shiga zare takardu yana jerawa a kan bandir: Form M da ya buɗe a banki, takardar SONCAP ta ingancin kaya, takardar ƙiyasin kwastam da ake kira PAAR, rasit ɗin kuɗin fito, rasit ɗin kuɗin ajiya na kwanakin da kwantena ta yi a tashar Legas. Ya ce, "Duk wannan a kan kwantena ɗaya. Ga wani can, ba sai na nuna maka shagonsa ba, kayansa a Kwatano suke sauka, su hau Maraɗi, su shigo da dare. Ba ya da ko ɗaya daga cikin takardun nan. In kun ci nasara an ƙara kuɗin fito, ni da na biyo ta ƙofa zan biya, shi da ya hauro ta katanga ribarsa ce za ta ƙaru. Ku kuma ba za ku sayar da ƙarin yadi ko ɗaya ba."

Maganar ta tsaya mini, domin na san gaskiya ce. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, injinanmu goma sha shida suka yi aiki, har da na dare. Ana buɗewa suka fara komawa barci ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya ƙara da wani abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Bincike irin wannan yana ɗaukar shekara guda, yana iya kaiwa wata 18, kuma bayan kwana 60 da buɗe shi ana iya ɗora harajin wucin gadi. Kwantena kuwa makonni take yi a kan ruwa. Mutum ya biya kuɗin kaya a kan wani lissafi, kafin su iso lissafi ya canza, ga bashin banki. In an tabbatar da harajin, yana iya kai shekara biyar kafin a sake duba shi. Ban sami takardar ba, kuma ban sake tambayarsa ba. Abin da muka samu a ƙarshe farashin da ake tallatawa a intanet ne, wanda Barista ta ce zai iya buɗe ƙofa amma ba zai ci shari'a ba.

Ashanar Baba ta dawo mana a nan. A kundin kwastam yadinmu na auduga yana ƙarƙashin lamba 5208, wancan mai gaurayen roba kuma 5513. Dole mu gamsar da mai bincike cewa duk da haka kaya iri ɗaya ne, suna cin kasuwa ɗaya. Na bi teloli da masu kwangilar zanen gado na makarantun kwana da masu sayar da likkafani, ina rubuta abin da suka ce. Ɗayansu ya ce mini wanda aka yi wa rasuwa ba ya tsayawa ƙona zare, fari yake nema da abin da aljihunsa zai ɗauka. Amma kuma roba ta fi auduga arha tun asali, saboda haka wani yanki na tazarar farashin halas ne, sai an cire shi. Alƙaluman shigo da kaya da muka samu a rubuce kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwari da safe ya ga motoci na sauke diloli ya san ba su kama ƙafar abin da ke shigowa ba. Kayan fasa-ƙwauri ba ya shiga kundi, doka kuma kundi take karantawa.

Inda na fi shan wuya shi ne tabbatar da rauni. Ana son lissafin shekara uku: abin da aka saƙa, abin da aka sayar, farashi, riba, ma'aikata, albashi, kayan da suka kwanta a sito, bashi, duk a jere, kuma odita ya sa hannu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajabcin ɗaukar odita, an yi haka ne don a sauƙaƙa musu, wasunmu kuma sun yi amfani da sauƙin. Yanzu ga wata ƙofa ta ce ba ka shiga sai da shi. Masaƙu uku lissafinsu a littafin makaranta mai layi yake, wani shafin mai ya ɓata shi. Na yi dare da yawa bayan isha'i ina haɗa rasit ɗin zare da takardar wuta da littafin albashi, ina fito da wata-wata. Kuɗin oditan da muka ɗauka wa masaƙu biyar ya kai albashin masaƙa huɗu na wata uku, a daidai lokacin da muke sallamar mutane. Kuma komai sai an yi shi kashi biyu, na sirri da wanda abokin ƙara zai iya karantawa.

Sannan tambayar da ta fi kowace zafi: cikin asarar nan, nawa ne laifin kayan waje, nawa ne na wani abu dabam? Yarjejeniyar ta hana a ɗora wa kayan waje raunin da ba su suka yi ba. A Afrilun 2024 kuɗin wuta na rukunin A ya koma naira 225 kowane yunit, ya ninka fiye da sau uku. An saki naira a Yunin 2023, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, kayan gyara da sinadarai suka bi ta. A Oktoban 2023 Babban Banki ya ɗage takunkumin dala a kan kaya 43, har da yadi. Ga gas ɗin janareta. Ga injinanmu masu ƙoshiya, tsofaffi tun na zamanin su Baba, alhali a can zaren da iska ko ruwa ake harba shi, inji ɗaya ya yi aikin da yawa daga cikin namu. Da na ware kowanne a gurbinsa, sai na ga babban kaso na ciwonmu a gida yake. Na kai wa maigida takardar jikina a sanyaye. Ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau, ya ce, "Rubuta shi yadda yake. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi." Bayan an cire wuta, an cire naira, an cire bambancin roba da auduga, akwai ragowar tazara da ban sami abin da ya bayyana ta ba. A kanta muka tsaya.

A watan Nuwamba ni da Barista da mahaifinta muka kama hanyar Abuja da asuba, fayil biyu a cikin jaka. Jami'in da ya karɓe mu mutumin kirki ne, ya zauna ya buɗe shafi-shafi, ya ce bai taɓa ganin ƙananan masana'antu sun kawo aiki haka ba. Ya buga hatimin karɓa. Sannan ya faɗa mana gaskiya, cewa ba shi da ayarin masu bincike da zai tura su tantance littattafanmu, balle na masana'antar da ke wata nahiya, kuma hanyar da aka saba bi ita ce a nemi ƙarin kuɗin fito ko haramta kaya a takardar manufofin kuɗi ta gwamnati. Wannan hanya kowa ya san mai babbar murya ake ji a cikinta. Ya ba mu shawara mu rubuta duk abin da muka gamu da shi, a matsayin ra'ayinmu kan gyaran dokar.

Mun rubuta, kuma ni na yi daftarin farko. Ina son a gyara dokar nan, ina so ƙwarai. Gana ta kafa tata hukumar mai binciken irin wannan ƙorafi da dokar 2016. Kasuwar bai ɗaya ta Afirka ta fara aiki tun Janairun 2021, kuma ƙasar da ba ta da hanyar kare kanta bisa ƙa'ida za ta ci gaba da rufe iyaka yau ta buɗe gobe, ɗan kasuwa bai san a kan me zai yi lissafi ba. Tsorona shi ne a kwafo dokar manyan ƙasashe da fom ɗinta yadda yake, ta zama rigar da kamfani mai lauyoyi da akantoci ne kaɗai zai iya sawa. Mu tara, da lauyar da ba ta karɓi ko sisi ba, wata bakwai muka yi. Marinan Ƙofar Mata fa, ko masu takalmi na Ƙofar Wambai, ko masu ɗinkin hula, wa zai haɗa musu lissafin shekara uku?

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne sauƙin da muke nema yana cikin yarjejeniyar WTO ɗin kanta, Barista ta nuna mini wuraren da yatsa. Sashe na 6.13 ya umarci hukuma ta lura da wahalar da ƙananan kamfanoni ke sha wajen kawo bayanai, ta taimaka musu gwargwadon iko. Inda masu sana'a suka yi yawa kuma suka warwatsu, an yarda a ɗauki samfuri a auna goyon bayansu maimakon a bi su ɗaya-ɗaya. Sashe na 5.6 ya ba hukuma dama, a yanayi na musamman, ta buɗe bincike da kanta in tana da hujja. Muka roƙi a rubuta waɗannan ɓaro-ɓaro a dokarmu, kada a bar su ga ganin damar jami'i. Muka ce a karɓi takardar wuta da rasit ɗin zare da littafin albashi daga wanda ba shi da odita, a zo a tantance da ido. A sa tebur a Kano, da fom da Hausa. Na dage a kan layi ɗaya saboda Alhajin Chalawa: bayanin da aka bayar don wannan bincike ya tsaya a wannan bincike, kada ya zama takardar haraji. Na dage a kan wani saboda Yaya: a sanar da wuri, a duba halin wanda kayansa ke kan ruwa, kuma kada a ɗora sisi a kan mai bin ƙofa ba tare da an toshe katanga ba. Wasu a cikinmu ba su so wannan layin ba, suka ce ba mu aka aiko mu kare 'yan Kwari ba. Na ce su ne masu sayen namu ma.

Har yau ba a kira mu a kan fayil ɗin ba. Injinanmu takwas ke aiki yanzu. Abin da ya rage daga wata bakwai ɗin nan shi ne takardar nan mai layi uku, wadda ta zama mai layi goma, kuma duk ƙarshen wata nake aika ta ga masaƙu goma sha huɗu don kada ranar da aka nemi lissafi a sake samun mu hannu rabbana. A watan da ya wuce Barista ta kira ni ta ce ambulan goma ta karɓa, ba tara ba. Ta goman direba ne ya kawo daga Chalawa, an liƙe bakinta da salatif har ninki uku.